Waƙar My Love ta Westlife: can ƙasarsu ma ta yi kasuwa kamar nan Damagaram?

Mai Caji, bakin Dolé:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan teburi a bakin kasuwar Dolé, ina cajin salula, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a kart memuwar. Akwai wata waƙar Turawa da ake yawan tambayata, sunanta My Love, ta wasu samari Westlife. Masu nemanta ba yara ba ne. Magidanta ne da suka haura arba'in, wani direban babbar mota, wani ma'aikaci, har da wata Hajiya mai sayar da atamfa da ta ce in sa mata ita a farkon jeri. Tsararrakina waƙoƙin Kano da na Legas suke so, amma da na zauna na saurari wannan sai ta shiga raina, ko da yake Ingilishina bai taka kara ya karya ba.

To su wane ne waɗannan samari, Amurkawa ne? Yaushe waƙar ta fito? Abin da ya fi damuna in sani: can wajensu ta karɓu, ko irin kayan nan ne da ba su yi kasuwa a gida ba sai a nan?

Mushen Ingilishi, Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba Amurkawa ba ne, ƴan ƙasar Ailan ne, tsibirin da ke yamma da Birtaniya. Su biyar ne a lokacin: Shane Filan da Kian Egan da Mark Feehily daga garin Sligo, sai Nicky Byrne da Brian McFadden daga Dublin. An haɗa su a 1998. Mai kula da harkarsu Louis Walsh ne, wanda ya riƙe ƙungiyar mawaƙa ta Boyzone kafin su, wanda kuma ya ɗauke su a kamfanin faifai shi ne Simon Cowell.

My Love ta fito ranar 30 ga Oktoba 2000, kuma ta yi kasuwa sosai. A jerin waƙoƙin da aka fi saye, ta hau lamba ɗaya a Ailan, ta hau lamba ɗaya a Birtaniya. Ita ce waƙarsu ta bakwai, kuma duk bakwai ɗin, tun daga Swear It Again ta Afrilun 1999, kowace da fitowarta sai saman jeri. Kafin su babu mawaƙin da ya fara sana'a da irin wannan a Birtaniya.

Sai ka gane yadda ake lissafin kafin ka gane nauyin abin. Mutanen Ailan a lokacin ba su kai miliyan 4 ba, don haka babbar kasuwar Birtaniya ce. Can a wancan zamanin ba a jiran kundi ya cika. Waƙa ɗaya ake fitarwa a faifan sidi ko kaset, a sayar da ita ita kaɗai. Makonni kafin ranar, gidajen rediyo da tele suna ta sa ta har mutane su matsu. Ranar Litinin ta shiga shaguna, a yi ta ƙirga abin da aka sayar, ranar Lahadi rediyon BBC ya karanto jerin. Kamfani kan fitar da faifan iri biyu, kowane da ƙarin waƙa daban, ƴan matan da ke son su sai su sayi duka biyun a makon farko. Shi ya sa ake shiga da ƙarfi a kuma sauka da wuri. My Love mako ɗaya kacal ta yi a lamba ɗaya. Amma mako guda bayan fitarta kundinsu Coast to Coast ya fito, rana ɗaya da na Spice Girls, Westlife suka ɗauki na ɗaya, Spice Girls suka zo na biyu.

Ni a lokacin ina lise. Akwai kayen da muke rubuta baitoci a ciki, yana yawo daga aji zuwa aji. Mutum ya sa kaset a magneto, ya tsayar, ya rubuta layi ɗaya, ya mayar da baya da bik don kada pil ya ƙare. Mun taso da Faransanci a lakwal, Ingilishi sai a koleji muka fara, kuma na Amurkawa masu rap gudu yake yi, kunnenmu ba ya kamawa. Waɗannan kuwa a hankali suke furta kowace kalma. Ranar da na ji baiti guda daga farko har ƙarshe na fahimce shi ba tare da ƙamus ba, ranar na fara son wannan harshe, kuma da shi nake ci da iyalina yau.

Tsohon Mai Kaset, Zango:

Mushe ya faɗi na can, bari in faɗi na nan, don da hannuna na sayar da ita. Ɗana, waƙar nan ba daga Yamai ta zo mana ba, ba kuma daga Faransa ba. Ta hanyar Kano ta shigo, cikin kwali ɗaya da kaset ɗin Indiya da na finafinan Hausa. Mu bi ta Matamaye mu sauko da kaya, in sayar da guda dala ɗari, wanda ya kawo kaset ɗinsa wayam a kwafa masa da rahusa. Kuma abin da muke sayarwa ba kundin asali ba ne. Wani ne can ya tsinto masu sanyi ya jera, nasu da na Céline Dion da na Backstreet Boys, a manna hoton samari biyar cikin fararen kaya a bango. Daga nan ne mutane suka ɗauka duk Amurkawa ne.

Duk abin da muka sayar babu ko ɗaya da ya shiga lissafin da Mushe ke magana, ko dala ba ta koma hannun yaran ba. In da ana ƙirga na Kano da Maraɗi da Damagaram, da ba mako ɗaya za a ce ta yi ba. A fada in dare ya yi, shayi na kan gawayi, ita ake sawa bayan an gaji da gardamar ƙwallo.

Maman Biyu, Sabon Gari:

Ku maza kuna ta lissafi, ba ku faɗi abin da waƙar ke cewa ba. Waƙar kewa ce. Mutum ne ya yi nisa da gida, yana begen ƙasarsu da wadda ya bari, yana addu'ar ya koma. Wace mace ce a garin nan ba ta san wannan ba? Lokacin da maigidana ya tafi Libiya neman kuɗi ba mu da salula, sai dai saƙon baki ko kaset da za a ɗauko muryarsa a aiko. Ƙanwata da ke lise ce ta fassara mini baitocin, na yi kuka. Har yau in na ji ta sai in tuna wannan zama. Ɗana mai caji, Hajiyar da ta ce ka sa mata ita a farko, ka sa mata kawai, kada ka tambaye ta dalili.

Ɗan Garin Malam:

Ni fa ban yarda a riƙa kambama su ba, Mushe. Na ji an ce ba su ne ke rubuta waƙoƙin ba, ba sa kaɗa komai, an zaɓo su ne don kyan fuska. Mawaƙinmu na gargajiya shi ke tsara abinsa, shi ke rerawa a gaban jama'a. Wannan ai kasuwanci ne zalla.

Mushen Ingilishi, Birni:

Rabin maganarka gaskiya ce, ɗan uwa. My Love ba su suka rubuta ba. Wasu ƴan ƙasar Suwidin ne, Jörgen Elofsson da Per Magnusson da David Kreuger da Pelle Nylén, kuma daga ɗakin haɗa waƙa na Cheiron a Stockholm ta fito, inda aka yi wa Britney Spears da Backstreet Boys aiki. Tsarin ma sananne ne: a fara a hankali, amshi mai sauƙin riƙewa, dab da ƙarshe a ɗaga murya mataki guda. Har an san su da zama kan dogayen kujeru, in an zo wurin ɗagawar su miƙe tare. Da yawa daga waƙoƙinsu ma na wasu ne suka sake rerawa. Seasons in the Sun, wadda ta kai su lamba ɗaya a Kirsimetin 1999, asalinta ta Jacques Brel ce da Faransanci.

Inda na rabu da kai shi ne batun murya. A shekarun nan an haɗa ƙungiyoyin samari da yawa da wannan dabara, yawancinsu an manta da su. Ka saurari Shane inda yake buɗe waƙar, ka saurari Mark inda yake hawa sama a ƙarshe. Wannan ba kamfani ne ya ba su ba. Hoton waƙar ma a ƙasarsu aka ɗauka, a filin jirgin Shannon da kan duwatsun Moher na bakin teku, saboda haka kewar gidan da Maman Biyu ta ji tana da wurin da take nufi.

Mai Caji, bakin Dolé:

Na gode Mushe, na gode Baba, na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. Bayan ta bakwai ɗin sun ci gaba da zuwa na ɗaya? Kuma suna nan har yanzu?

Mushen Ingilishi, Birni:

Ta takwas, What Makes a Man, ta tsaya a lamba biyu a Disambar 2000. Waƙar wani shirin yara na tele, Bob the Builder, ita ta tare musu hanya. Amma sun sake hawa, har suka tara lamba ɗaya sau 14 a Birtaniya. Amurka ce ba ta karɓe su ba, Swear It Again kaɗai ta shiga babban jerin Amurka, ta tsaya a ta 20. Brian ya fita a 2004, sauran huɗun suka rabu a 2012 bayan wasan bankwana a filin Croke Park na Dublin, suka sake haɗuwa a 2018. In za ka haɗa wa masu sayenka jeri, ka nemi kundin farko na 1999 da Coast to Coast, yawancin waɗanda suka sani a cikinsu suke.