Kuɗin tallafi ya maƙale a asusun makaranta

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu walda da kanikawa a Kano ta haɗa kuɗi don biya wa ɗaliban wata kwalejin fasaha da suka kasa biyan kuɗin jarrabawar NABTEB, wato jarrabawar kammala makarantun fasaha da kasuwanci. Mun tura kuɗin ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, zuwa asusun makarantar, kuɗin ya shiga asusun gwamnati na bai ɗaya, wato TSA. Yanzu akawun makarantar ya ce ba zai iya cire shi da sunan yaran ba sai izini ya zo daga ma'aikata. Mun kai rasit, mun rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa, shiru. Ga rajista na dab da rufewa.

Wace hanya ce ake bi a sa kuɗin da ya riga ya shiga TSA ya zama na rajistar waɗannan yaran?