Wane suna za mu ba karatun da yaro ke bin tambayarsa?

Malamar firamare, daga Jidda:

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina neman taimakonku a kan kalma guda wadda ta hana ni kammala wani aiki tun makon jiya. Makarantar da nake koyarwa a nan Jidda tana bin tsarin Montessori a manyan azuzuwan firamare, wato na yara 'yan shekara 9 zuwa 12, kuma an ɗora mini in yi wa iyaye Hausawa bayanin manhajar a cikin saƙon murya da za a tura ta WhatsApp, domin da yawa daga cikin kakannin da ke riƙon yaran sun fi gane magana idan sun ji ta da Hausa. A takardar Turanci an siffanta manhajar da kalmar da ake furtawa "inkwayari", a ta Larabci kuwa an rubuta "istiƙsa'i", ni kuma na rasa wadda zan faɗa wa tsohuwa ta gane daga ji ɗaya.

Ga abin da ake nufi, don kada mu raɗa wa abu suna ba mu ga fuskarsa ba. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta kuma buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum a 1907. Tsarinta na 'yan shekara 6 zuwa 12 ya ƙara nuna ne lokacin da take zaune a Indiya tare da ɗanta Mario, a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekara malama takan ba da manyan labarai biyar: farkon duniya, bayyanar masu rai a bayan ƙasa, zuwan ɗan Adam, asalin rubutu, da asalin lambobi. Ba don a haddace su ake bayarwa ba, ana so ne su tayar wa yaro da tambaya, sannan a ba shi kusan awa uku a jere kowace safiya ya yi aiki, yawanci cikin ƙaramin rukuni da ya haɗa babba da ƙarami.

Bara wata yarinya 'yar shekara 10 ta tambaye ni daga ina ruwan famfonmu yake zuwa alhali Jidda ba ta da kogi, ni kuwa na riƙe amsar a bakina. Ita da ƙawayenta biyu suka duba littattafai har suka gano cewa ruwan Bahar Maliya ake cire wa gishiri, a tashoshi irin ta Shu'aiba da ke kudancin Jidda. Suka zuba ruwan gishiri a kwano, suka ajiye ƙaramin kofi a tsakiya, suka rufe da leda a cikin rana, suka ɗanɗana abin da ya ɗiga a kofin. Daga nan ɗayarsu ta ce to mahajjatan da fa, da me suka sha, sai tambayar ta kai su ga Ainu Zubaida, magudanar da matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina don kawo ruwa Makka. Wannan tafiyar nake nema wa suna. Na fara da "koyo ta hanyar bincike", amma kun san abin da ke faɗo wa mutanenmu na nan idan suka ji "bincike", wato a tsayar da mutum a hanya a nemi iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar.

Dattijo, daga Makka:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Na yarda da ke cewa "bincike" ya yi wa wannan wuri nauyi, domin ko a gida kalmar ta fi zama a bakin hukuma da na masu digiri. Da fari na so in ce "bahasi", tunda daga Larabcin "bahs" muka aro shi, kuma yaranmu na nan sun san kalmar a makaranta. Amma da na juya ta a bakina sai na ga cewa a Hausa bahasi ya koma gaban alƙali, inda ake cewa mutum ya zo ya ba da bahasin abin da ya aikata, don haka na janye ta da kaina.

Abin da nake bayarwa shi ne "karatun matambayi". Kowace tsohuwa ta san cewa matambayi ba ya ɓata, saboda haka da jin sunan za ta ƙarasa karin maganar a zuciyarta, ta kuma san ba a kawo mata baƙon abu ba. Sai dai ina da jan hankali guda wanda bai shafi kalmar ba: labaran nan na farkon duniya da zuwan ɗan Adam, ki bayyana wa iyaye a fili yadda kuke ba da su, domin wannan za su fara tambayarki kafin su tambayi sunan manhaja.

Malamin lissafi ɗan Maiurno ta ƙasar Sudan, mazaunin Madina:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Sunan da ka kawo yana da daɗi a kunne, amma ina neman izini in yi masa gyara biyu. Na farko, matambayin da ke cikin karin maganar nan matafiyi ne da ya tsaya ya tambayi wanda ya san hanya, aka nuna masa, ya wuce. A labarin da Malama ta ba mu kuwa, yarinyar ta yi tambaya aka ƙi ba ta amsa da gangan, kuma duk amfanin ya fito ne daga abin da ta yi bayan tambayar: duba littafi, gwaji da kwano, da haihuwar sabuwar tambaya. Na biyu, kalmar "tambaya" tana da wata ma'ana a wurin tsofaffinmu, domin idan aka ce wane yana da tambaya, ana nufin ya nemi asiri ya tsare jikinsa. Ba na so kaka ta ji saƙon ta fara tunanin wane irin malami aka kai jikanta wurinsa.

Shawarata ita ce "bin diddigi". Asalinsa daga diddigen ƙafa yake, wato ka bi sawun abu taku bayan taku har ka iske inda ya fito. Muna yara a Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa a bakin Nilul Azraƙ, ɗaya daga cikin manyan rassa biyu na kogin Nilu, bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila na 1903, kowa yana ganin kogin yana cika yana yin ja a lokacin damina. Da an bar mu mun bi abin, da mun kai ga ruwan saman da ke sauka a tsaunukan Habasha da tafkin Tana inda kogin ya faro, da mun gane dalilin gina madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 don shayar da gonakin audugar Jazira, da kuma mun sauka tare da ruwan har Khartum inda yake haɗuwa da ɗaya reshen, Nilul Abyad. An ba mu duk wannan a aji a layi uku, muka haddace don jarrabawa.

Akwai kuma "bin ƙwaƙƙwafi", amma shi zargi ne, ana faɗa wa mai tona abin da ba ruwansa.

Uwar yara, daga Jidda:

Ni dai, malamai, ina ganin a bar "istiƙsa'i" yadda yake, tunda a ƙasar Larabawa muke, kuma mun aro manhaja da darasi da nazari ba wanda ya ce uffan. Sannan "bin diddigi" na fi jin sa a bakin 'yan jarida idan suna tantance labarin ƙarya.

Malamar firamare, daga Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, gaskiyarki ne cewa aro ba laifi ba ne, sai dai manhaja da darasi sun riga sun kwana a Hausa, shi kuwa "istiƙsa'i" na gwada shi jiya a kan mahaifiyata, wadda ta shekara arba'in a nan, ta ce in sake faɗa, na sake, ta ce ko sallar roƙon ruwa nake nufi, wato "istisƙa'i". Amfanin da 'yan jarida ke yi da "bin diddigi" kuwa ina ganin taimako ne a gare mu, domin ya riga ya koya wa mutane cewa kalmar tana nufin ƙin karɓar magana sai an ga tushenta.

Saura abin da za a jingina masa. Na ajiye "koyo" na ɗauki "karatu", saboda Bahaushe da shi yake raba nau'o'in ilimi: karatun allo, karatun zaure, karatun boko. Idan aka ce "karatun bin diddigi", sunan ya shiga sahun 'yan'uwansa ba tare da an yi masa rakiya ba. Na san yana da rauni guda, wanda sunan Baba Alhaji bai da shi, wato bai nuna cewa tambayar ta yaron ce ba, ta yiwu malama ce ta ɗora shi a kan sawun. Zan toshe wannan da jimlar farko ta saƙon, inda zan ce: "A manyan azuzuwan firamare muna yin karatun bin diddigi, yaro ne yake kawo tambaya, shi ne kuma yake bin ta, malama tana gefe a matsayin jagora." Zan kuma ware wa labaran nan biyar saƙo na musamman kamar yadda Baba ya ce. Ranar Lahadi idan an koma makaranta zan fara tura shi ga iyaye uku, in ji da wane suna za su maimaita mini abin.