Shafina ya fito babu CSS (launi da kwalliyar shafi) bayan na ɗora shi a sabar

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gina manhajar rajistar ɗalibai da Django (tsarin gina manhajojin intanet) don wata Islamiyya a unguwarmu. A kwamfutata komai lafiya lau, amma da na ɗora ta a sabar Ubuntu na mayar da DEBUG (yanayin gwaji) zuwa False, wato na kashe shi, sai shafin ya fito babu launi, babu hotuna. Gunicorn (mai gudanar da manhajar) da Nginx (mai miƙa shafuka ga burauza) nake amfani da su. Ranar Litinin za a fara rajista, hankalina a tashe yake.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Da ma haka Django yake, da zarar an kashe DEBUG ya daina miƙa fayilolin CSS da hotuna da kansa. Saita STATIC_ROOT (foldar da za a tara fayilolin), ka gudanar da umarnin collectstatic mai tara su, sannan ka nuna wa Nginx foldar da umarnin alias.

Mai tambaya: Na yi, Malam. Yanzu 403 (an hana shiga) burauza ke nunawa maimakon 404 (ba a samu fayil ba) da take nunawa a da.

Amsa ta biyu: To, izini ne ya rage. Nginx da asusu mai suna www-data yake aiki, kuma tun Ubuntu 21.04 foldar gida a kulle take zuwa, ba ya iya shiga. Mayar da fayilolin cikin /var/www. Don Allah kada ka sa izinin 777 (mai ba kowa damar karantawa da sauya fayil), sabar ɗin bayanan yara ke ciki.