Reno mun sani, dashe mun sani, to na tsakiyar fa?

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Akwai kalmar da ke yawo a takardun noman tumatir, "hardening off", kuma har yau ba mu tsayar mata da Hausa ba. Wanda ya yafa iri a Disamba ko Janairu a nan Jos sai ya lulluɓe shi da leda, don daren hunturu sanyi kan sauko digiri 11, wani lokacin ƙasa da haka. Irin tumatir kuwa a digiri 25 kwana 6 ya tsiro, a digiri 15 sai ya ci mako 2, a digiri 10 ya haura wata guda, in ma bai ruɓe ba. To tsiron da ya tashi a ɗumin leda bai san iska ba, bai san ranar tsaka ba. Kwana 7 zuwa 10 na ƙarshe, da ake buɗe shi kaɗan-kaɗan ana rage masa ruwa kafin dashe, su ake nufi. Wasu na rubuta "taurarawa". Ya kuka gani?

Baba Mai Lambu, Lamingo: Wa alaikumus salam. Malam, siminti ake taurarawa. Ka ce wa yaron lambu ya taurara tsiro, hana shi ruwa zai yi gaba ɗaya. Kara ya zama kamar tsinke, ganyen ƙasa ya yi rawaya, ka dasa shi ya tsaya cak ya ƙi gaba. Ba wannan ake nema ba. So ake karan ya yi kauri kusan kamar fensir, ganye ya yi kore shar, tsayi santimita 12 zuwa 15, ganyen gaskiya 4 ko 5, wato ban da biyun farko da ya tsiro da su.

Hajiya Mai Reno, Bukuru: Ni "horo" nake gani, Baba, tunda aikin mataki-mataki ne. Kwana 2 na farko bakin ledar kawai ake ɗagewa ta gefe biyu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12. Na 3 da na 4 a naɗe ledar duka har azahar, amma a kafa zana ta gabas da arewa, don iskar hunturu ta fi rana illa, ita ke tsotse ruwan ganye ya ƙone ta baki-baki. Daga kwana na 5 ya wuni a buɗe, a rufe kafin magariba. Dare 2 na ƙarshe ya kwana a fili, sai in daren ya yi tsananin sanyi, to a ƙara masa kwanaki. Ruwa kuma maimakon kullum a koma kwana ɗaya tsakani, da hantsi. Takin yuriya a dakata da shi, laushi yake ƙara masa.

Dillalin Farin Gada: Hajiya, tsarinki ba gyara, amma horo a kunnen mutane hukunci ne, mun koma gidan jiya ke nan. Me zai hana "sabo"? Ai sabar masa da waje ake yi.

Malamin Gona: A baki ya yi, Alhaji, a rubuce ne matsalar. Rubuta "sabon dashe" ka ba wani ya karanta: zai ɗauka dashen da aka yi jiya kake nufi. Kalmar nan takarda za ta shiga da saƙon waya.

Baba Mai Lambu, Lamingo: To ku duba bakinku mana. Komin da ake yafa iri, renon iri muke cewa ana yi a cikinsa. Abin da aka rena, me ake masa kafin ya kama gabansa? Yaye. Kuma ledar da ke kansa, me ake mata? Yaye ta ake yi. Kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun. Yayen dashe.

Hajiya Mai Reno, Bukuru: Ta yi daɗi, Baba, amma ina da ja. Yayen da muka sani rana ɗaya ne, a kai yaro wurin kakarsa shi ke nan. In mutum ya fahimce ta haka, zai fizge leda da safe ya bar tsiro a rana. Kwana biyu za ka ga ganye ya yi fari-fari kamar takarda, ƙunar rana ce, kuma ganyen da ya ƙone ba ya dawowa.

Baba Mai Lambu, Lamingo: Ranar ɗauke yaro ɗaya ce, Hajiya, amma ke kin fi ni sani, ba a kai shi sai ya saba da kunu tukuna. Wanda zai koyar sai ya ce "yaye na kwana 10", adadin na manne da kalmar.

Ɗalibin Gona, Kuru: Ranku ya daɗe, ina da ƙari. Ana cikin yayen sai ƙasan ganye ya koma shunayya, mutane su ɗauka cuta ce su kama feshi. Yawanci sanyin ƙasa ne ya hana saiwa jan sinadarin fosfaras, da ƙasa ta yi ɗumi launin zai washe. Cutar da ya kamata a ji tsoro ita ce ta farkon reno, inda tsiro ke tsukewa daidai bakin ƙasa ya kwanta. Naman gwari ne da ke son laima da rashin iska. Shi ya sa ko ba a fara yaye ba, sai an ɗan buɗe ledar da rana, don cikinta kan haura digiri 35 ko a hunturu. Kada zurfin iri ya wuce santimita 1, a bar santimita 10 tsakanin layuka, ƙasar kuma kashi 2, yashi 1, ruɓaɓɓen taki 1. Ruwan kududdufin da aka haƙa kuza da asuba sanyinsa kamar ƙanƙara ne, a ɗiba a duro ya sha rana kafin a zuba.

Malamin Gona: Madalla. Ni na karɓi "yayen dashe", a aikace kuma a ce "an yaye shi". Hajiya?

Hajiya Mai Reno, Bukuru: Na yarda, da sharaɗin kwanakin nan su riƙa bin ta. Kuma ranar cira a jiƙa komin sosai tun safe don saiwa ta fito da ƙasarta, a dasa da la'asar sakaliya, a ba shi ruwa nan take. Ita kuma waccan cutar ta ɗalibinmu, ruɓewar gindi nake jin ana ce mata a nan Bukuru, ko ku a Lamingo da wani sunan kuka san ta, Baba?