Saƙon da na ɓoye a hoto ya ɓace a hanya

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɓoye rubutu cikin hoton PNG (nau'in fayil ɗin hoto da ba ya zubar da bayani) da OpenStego, manhajar ɓoye saƙo a hoto, na tura wa abokin aiki a Ikeja ta WhatsApp, ya ce babu komai a ciki. Ina matsalar take?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. WhatsApp ne ya cinye shi. Kowane ɗigon hoto yana da launi uku, ja, kore da shuɗi, kowanne bit 8 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1). Wajen ɓoye saƙo, OpenStego tana canza bit na ƙarshe na kowane launi ne kawai, ido ba ya ganewa. Da WhatsApp ya matse hoton ya mai da shi JPEG, nau'in hoton da ke zubar da wasu bayanai don rage nauyi, sai waɗannan bit ɗin su hargitse. Ka tura shi a matsayin fayil, ko ta imel. Kada ka yanke shi ko ka rage girmansa.

Hajiyar Idi-Araba: Ƙari a kan haka, Malam, ka lura da nauyin kaya, wato yawan rubutun da kake ɓoyewa. Hoto mai ɗigo 1000 sau 1000 zai ɗauki bit miliyan 3, wajen kilobayit 375, amma in ka cika shi maƙil, manhajojin bincike za su gano. Sa kaɗan. Kuma ka ɗauki hoton da kanka, mai hayaniya, wato mai launuka barkatai, irin kwandunan tumatir na kasuwar Mile 12. Sararin sama mai launi ɗaya tona asiri yake yi, hoton intanet kuwa ana iya kwatanta shi da na asali.

Mai Gyara: Haka ne Hajiya. Ɓoyewa ba kullewa ba ce, sai Ɗan Agege ya fara kulle rubutun da AES, wato tsarin kulle bayani da kalmar sirri. Kalmar sirrin kuma ya faɗa wa abokin aikin nasa baki da baki.