Safar hannun aiki ta zaren tsofaffin gorunan roba: wa ya gwada?

Bashir: Salamu alaikum. Oga ya ce a sitonmu za a koma safar hannu irin wadda ake saƙawa da zaren tsofaffin gorunan ruwa. Akwai wanda ya taɓa aiki da ita? Tana da ƙarko kuwa?

Malam Iliya: Wa alaikumus salam. Wane irin aiki? Fara gaya mana wannan tukuna.

Bashir: Ɗaukar kwalaye, wani lokacin kwanon rufi.

Injiniya Rabi'u: Kwano ka ce? To dakata. Bara aka kawo mana irinta, kwalin kore shar, har da zanen ganye. Ban duba lambobin da ke bayan hannun ba, wannan laifina ne. Kwana uku da fara sawa wani yarona ya jawo kwano ta gefe, safar ta tsage, sai da aka yi masa ɗinki a tafin hannu. Da na duba daga baya, a ƙarƙashin alamar EN 388, wato ma'aunin Turai na ƙarfin safar hannun aiki, harafin ƙarshe X ne. Tun gyaran 2016 wannan harafin ke nuna juriyar yanka, daga A zuwa F, X kuwa ba a ma yi gwajin ba. Zaren gora polyester ne, yana jure gogayya ba laifi, amma ba ya tare kaifi. Wannan aikin HPPE ne ko Kevlar, wato zaruruwa masu jure yanka. Akwai masu haɗa su da zaren gora a saƙa guda, irinta za ka nema. Kwano dai ni ba na sauka ƙasa da C.

Hajara: Ku ƙara da wannan: in wadda aka sake sarrafawa ta mutu sau uku kafin ta sabon zare ta mutu sau ɗaya, ina amfanin da aka yi wa muhallin? Lambar farko a ƙarƙashin alamar ku duba, 4 ita ce ƙololuwa a gogayya.

Malam Iliya: Kuma da an shafe tafinta da nitril, wato wata robar da ke jure mai, raba robar da zaren wahala ne. Yawanci bola take ƙarewa.

Sadiku: Nitril kuma? Latas, robar da ake samu daga itace, ya fi riƙo, Malam.

Malam Iliya: Taɓa baƙin mai da latas ɗin naka ka dawo ka ba mu labari.

Hajara: Ni latas ma ƙaiƙayi yake sa ni.

Injiniya Rabi'u: Af, kar wanda ya kusanci walda da ita. Polyester narkewa yake ya manne wa fata.

Sadiku: Ni damuwata daban. Na dama kullum ke mutuwa, ina da na hagu sun fi goma a akwati. Wane bahago ne a nan mu yi musaya?

Malam Iliya: Ka tambayi Injiniya, yaransa na da yawa.

Bashir: To jama'a, in ce wa Oga me?

Hajara: Ya karɓo ƙafa biyu ku gwada mako guda. Ka kuma tambaya ko tana da shaidar GRS, wadda ake ba kayan da aka sake sarrafawa, da kashi nawa ne na zaren aka sake sarrafawa.

Sadiku: Ƙafa biyu a safar hannu?