Sitirin ɗin raket: zare ne, waya ce, ko tsarkiya?

Salamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Akwai wata kalma da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma ina so mu tsayar da ita tare.

Mu 'yan badminton ne na yamma, ba 'yan gasa ba. Mu takwas ne, wani lokaci tara. Akwai ma'aikaci, akwai ɗan kasuwa, akwai dattijon da ya yi ritaya, muna haɗuwa a wani zauren wasanni a nan Kaduna bayan la'asar mu yi gumi har a kira magariba. Ranar Asabar ɗin ɗan yayata mai shekara 14 ya ari raket ɗina, ya kai duka da gefen kai, sai muka ji tas! Ya juyo ya ce, "Kawu, ragar ta tsinke." Na nuna masa raga tana tsakiyar fili lafiya lau. Ya ce to wayar. Abokin wasana ya ce zare ne. Na bayansa ya ce sitirin. Mutum uku, suna huɗu, abu kuwa ɗaya ne.

Sunan wasan ba shi nake nema ba. Badminton sunan wani gidan sarauta ne a yankin Gloucestershire na Ingila, shi aka laƙaba wa wasan da hafsoshin Birtaniya suka riƙa yi a garin Puna na Indiya. Sunan wuri ba a fassara shi. Raket ma na sallama. Na gwada madoki, na gwada mabugi, sai hankali ya tafi wurin masu bugun shadda a marina. Faifai kuwa masu garmaho da masu bidiyo sun riga mu. Raket ta zauna a baki kamar yadda bokiti da tebur suka zauna, har yara na cewa raketoci. A bar ta.

Abin da ke cikin kan raket ɗin, wanda ke taɓa ƙwallon, shi ne damuwata. Ga dalilin da ya sa sunayen da muke kiransa ba su gamsar da ni ba.

Raga tana da mai ita a wannan wasa: ita ce ke raba fili biyu, tsayinta mita 1.55 a wurin turaku. Idan ka ce raga ta tsinke, rabin zaure za su kalli tsakiyar fili. Waya tana kai tunani ga ƙarfe, kuma abin ba ƙarfe ba ne, ɗaruruwan siraran zarurrukan nailan ne aka murɗe wuri guda aka lulluɓe, kaurinsa tsakanin milimita 0.61 da 0.70. Igiya ta yi kauri da yawa. Zare ya fi kusa, amma zaren tela ɗinki yake yi, ba a ja shi a bar shi a miƙe don ya harba wani abu.

Ni shawarata tsarkiya. Wasu na cewa tsirkiya, duk ɗaya ne. Tsarkiyar baka da maharbi ke ɗana kibiya a kai, da tsarkiyar garaya da ta molo. Abu siriri, mai ƙarfi, wanda amfaninsa duka yana ga yadda aka ɗame shi: ya karɓi ƙarfi, ya ɗan lotsa, ya mayar. Aikin da sitirin ke yi wa ƙwallon badminton ke nan, babu ragi babu ƙari.

Na ƙara sakankancewa da na kai raket ɗin wurin mai gyara. Ya fara yanke sauran da almakashi daga tsakiya, ya zare su duka, ya ɗora raket a kan inji ya damƙe ta ta kowane gefe. Ya warware kusan mita 10, ya soma da layukan tsaye guda 22, kowanne inji ya ja, shi kuma ya matse da ƙarfen riƙo kafin ya wuce na gaba. Sannan ya shiga na gicciye, yana bi ta sama yana bi ta ƙasa da ɗan yatsa kamar mai saƙar tabarma. Da ya ƙulle na ƙarshe sai ya ɗaga raket ɗin kusa da kunnensa ya tsinkula da farce, ting. Ya sake bugawa a tafin hannu yana saurare. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya yana gyara kayansa kafin kiɗa ya san wannan karkatar da kai.

To me ya sa na dage, alhali kowa ya gane idan an ce sitirin? Saboda kalma ta biyu da ke biye da ita, wadda ita ce ke cinye wa mutanenmu kuɗi da kafaɗa. Mai gyara zai tambaye ka, "Tenshan nawa?" Yawancinmu ba mu san amsar ba, sai mu ce, "Malam, ka ja ta sosai ta yi ƙarfi." A zatonmu tauri shi ne ƙarfi. Ga ɗan wasan yamma kuwa akasin haka ne. Tsarkiyar da aka ɗan sassauta tana lotsawa ta cilla ƙwallon da kanta, ta taimaki hannun da ba shi da sauri, kuma wurin da duka ke daɗi a tsakiyar raket yana faɗaɗa. Wadda aka ɗame ƙwarai kamar allo take zama: tana bai wa gwani damar ajiye ƙwallo inda ya so, amma sai hannu mai saurin gaske ke iya lotsa ta, kuma idan duka ya kauce daga tsakiya, girgizar a gwiwar hannu da kafaɗa take sauka, ko tsarkiyar ta tsinke nan take.

Maharbi ba ya buƙatar wannan dogon bayani. Ya san bakan da ya fi ƙarfin damtsensa ba zai kai masa kibiya nesa ba. Idan muka ce tsarkiya, rabin darasin ya shigo tare da kalmar.

Don haka tenshan nake ganin mu ce ɗamewa. Ma'auninta kuma akwai shi a Hausa tun zamanin kakanni: laba. Mai koyo laba 18 zuwa 21 ta ishe shi. Wanda ya daɗe yana wasan nishaɗi, 22 zuwa 24. Laba 22 kusan kilo 10 ke nan na ja a kan kowane layi. Manyan 'yan gasa kan kai 28, 30, har sama. Yaranmu sun ga ɗan wasan Najeriya Anuoluwapo Opeyori a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sun ga 'yar Najeriya Mariam Eniola Bolaji ta ɗauko lambar tagulla a gasar nakasassu ta wannan shekarar, kuma ina murna da sha'awar da hakan ya tayar. Amma sai yaro ya ji labarin ɗamewar ƙwararru ya je ya ce a yi masa 28 a kan raket ɗin da ba za ta ɗauka ba. A duba jikin ƙota, kusa da mariƙi: kamfanoni irin su Yonex da Li-Ning da Victor suna rubuta iyakar labar da raket ke jurewa. Wanda ya zarce ta, bakin raket ɗin ne zai tsage.

Tun da na fara kawo wannan shawara, wasu 'yan uwa sun turo ra'ayoyinsu, bari in amsa musu. Allah ya gafarta Malam, na ga gyaran da ka yi daga Zariya, na kuma gode. Ka ce tsarkiya ɗaya ce tak a jikin baka, nan kuwa layuka ne sama da 40 a harɗe, don haka saƙa ta fi dacewa. Maganarka tana da nauyi, har na kwana ina juya ta. Ga abin da na gano a gaban injin: layukan nan duka ba guntaye ba ne. Silin guda ne ke shiga wannan kafa ya fita ta waccan, ya juyo ya dawo. Idan ka ƙirga ƙulli a bakin raket za ka samu biyu ko huɗu. Biyu na nufin sili ɗaya aka yi aikin duka da shi, huɗu na nufin an raba shi biyu, na tsaye daban, na gicciye daban. Shi ya sa idan wuri ɗaya ya tsinke, gaba ɗaya take sakewa, kuma dole a yanke sauran da wuri don kada jan da ya rage a gefe guda ya karkatar da kan raket. Ashe ke nan tsarkiya ce ɗaya mai doguwar tafiya.

Amma saƙarka ba ta faɗi ba, Malam. Ina ganin wuri biyu ne. Kayan da ake saya a ƙunshi tsarkiya ne. Shimfiɗar da ta samu bayan an gama, wadda ƙwallo ke sauka a kai, ita ce saƙar. Sai a ce saƙar nan ta saki, a sake mata tsarkiya. Aikin kuwa ɗaurin tsarkiya, mai yin sa mai ɗaurin tsarkiya. Na guji maɗauri don ya riga ya zama sunan abin da ake ɗaure kaya da shi.

Hajiya daga Maraɗi ta tuna mini cewa su ma raket suke cewa, tunda a Faransanci ma kalmar ke nan, amma sitirin ba su san shi ba, nasu aron daban ne. Hajiya, kin ba ni hujjar da ban zo da ita ba. Inda aron ya zama ɗaya a Najeriya da Nijar, babu abin gyarawa. Inda ya rabu biyu, Hausa ce kaɗai za ta haɗa mu, kuma tsarkiya ba ta buƙatar tafinta a Damagaram ko a Kano.

Ƙanena da ya ce matasan birni ba su san tsarkiya ba: gaskiya ne, ɗan yayata ma bai sani ba. Na faɗa masa sau ɗaya, na nuna masa hoton baka. Jiya shi ya tambaye ni ko tsarkiyar da aka sa mini mai kauri ce. Na ce eh, BG65 ce ta Yonex, milimita 0.70, wadda ta fi jure wahala. Sirara irin su 0.65 sun fi ƙara mai daɗi da harbi, amma ba sa daɗewa, kuma mu da ba kullum ake samun mai ɗauri a kusa ba, mai kauri ta fi mana.

Sauran kalmomin zaɓen raket ba su ba ni wahala ba, don manomi da maƙeri sun gama mana aikin. Kai shi ne da'irar. Baki shi ne kewayenta. Ƙota ita ce sandar, mariƙi inda hannu ke kamawa. Wurin da duka ke daɗi, cibiya. Nauyi ana rubuta shi da harafin U: 3U giram 85 zuwa 89, 4U giram 80 zuwa 84, wato lamba na hawa nauyi na sauka. Abin da 'yan wasa ke kira balans na so mu ce rinjaye. Ɗora ƙotar a kan yatsa ɗaya ka nemi inda ta tsaya cak. Idan wurin ya matsa wajen kai, mai rinjayen kai ce, tana da duka mai nauyi amma tana gajiyar da hannu. Idan ya matso wajen mariƙi, mai rinjayen mariƙi ce, mai saurin tarewa a wasan bibbiyu. Ta tsakiya, madaidaiciya. Ƙota kuma ko mai tauri ko mai lanƙwasa. Wanda ya tambaye ni abin da zai fara saya, amsata 4U, madaidaiciya, mai lanƙwasa, a ɗame ta laba 21 ko 22. Kuma kada a bar ta a bayan mota da rana, zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sassauta tsarkiya ya raunana baki.

Ƙwallon kansa na ga an fara jayayya a kai, tsakanin shatil da ƙwallon gashi. Gashi 16 ne na dinya ko agwagwa, nauyinsa wajen giram 5, kuma da hunturu bushewa yake yi ya riƙa karyewa tun wasa bai yi nisa ba. Ina tare da ƙwallon gashi, sai dai akwai na roba da yawancinmu ke bugawa, kuma a ce "ƙwallon gashi na roba" yana da nauyi wajen faɗa. Wannan ya cancanci zamansa daban.

Abin da muka tsayar zuwa yanzu, idan babu mai ja: tsarkiya, saƙa, ɗamewa, laba, mai ɗaurin tsarkiya. Na ma gwada su. Na aika wa mai gyarana saƙo da raket ta biyu cewa a sa mata tsarkiya mai kauri, ɗamewa laba 22, ƙulli huɗu. Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya amsa da cewa biyu daga cikin 'yan robobin nan da ke cikin kafofin baki, waɗanda ke hana tsarkiya gogar kaifin raket, sun fashe, sai an canza su. Ya kira su giromet. Na so in ce zobba, sai na ga sun fi kama da ɗan gajeren bututu mai leɓe. Masu ɗinkin takalma da masu yin tamfol, ku da kuke sa irinsu na ƙarfe a kafofin igiya, da wane suna kuke saye su a kasuwa?